Yadda ake ajiye karaban daidai turke a zangon hutu na Birtaniya

Karaban ɗaki ne mai tayoyi da ake maƙala wa mota a baya, da gado da murhu da banɗaki a ciki. A Birtaniya, wanda ya saya ko ya yi haya ba ya tsayawa da shi inda ya ga dama, sai a zangon da aka ware, inda aka yanka fili fuloti-fuloti, kowanne da lambarsa. Abin da ya fi haɗa sabon shiga da ma'aikatan zango shi ne ɗan turken da aka kafa a bayan kowane fuloti. Mutum ya gama ajiye ɗaki, ya kafa rumfa, ya ɗora ruwan shayi, sai ma'aikaci ya zo cikin ladabi ya ce a matsa da rabin mita. Wanda ya san aikin turken tun daga farko ba ya shan wannan wahala.

Me ya sa ake awo

Gobara ce tushen maganar. Jikin karaban falle ne na alminiyam ko roba, cikinsa katako mara kauri da soso da labule, ga tukunyar gas ɗaya ko biyu a akwatin gaba. In wuta ta kama, cikin mintuna kaɗan take cinye shi, kuma zafinta kaɗai ya isa ya kunna rumfar maƙwabci ko da harshen wutar bai taɓa ta ba.

Dokar da ta tsara lasisin irin waɗannan filaye ta fito a 1960, kuma ƙananan hukumomi ne ke ba da lasisin. Ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a 1983 don zangon masu wucewa sun ce a bar mita 6 tsakanin ɗakin iyali ɗaya da na wani iyalin. An yarda mota ko rumfa su shiga cikin mita 6 ɗin, da sharaɗin a samu mita 3 fayau da babu komai a cikinsu. Ƙa'idojin sun kuma ce kada a wuce ɗaki 75 a hekta ɗaya, kada kuma wani ɗaki ya yi nisan da ya wuce mita 90 daga wurin kayan kashe gobara. Manyan ƙungiyoyi biyu da ke da zango a faɗin ƙasar, wato Camping and Caravanning Club da ta samo asali a 1901, da Caravan and Motorhome Club da aka kafa a 1907 ta kuma ɗauki wannan suna a 2017, dukansu da mita 6 ɗin suke aiki. Saboda haka lambobi biyu za ka riƙe: 6 daga bango zuwa bango, 3 daga kayanka zuwa kayan maƙwabci.

Ba wanda zai riƙa yawo da tef yana auna kowane baƙo. Shi ya sa aka auna filin sau ɗaya, aka kafa turaku. In kowa ya tsaya a turkensa, awon ya fita da kansa.

Karanta turke

A zangon Caravan and Motorhome Club ƙa'idar ita ce: in da ribas ka shiga, kusurwar baya ta ɓangaren direba ce za ta yi daidai da turke. In da gaba ka shigar da ɗakin, kusurwar gaba ta ɓangaren fasinja ce.

Nan ne wanda ya koyi tuƙi a Najeriya ko Nijar yake rikicewa, domin a Birtaniya direba a dama yake zama, ana kuma tuƙi a hannun hagu. Ɓangaren direba ke nan hannun dama na karaban in kana kallon inda hancinsa ya dosa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka manta da zancen direba da fasinja, ka tsaya a kan titin zango ka fuskanci fulotin. Turke yana can baya, ya ɗan karkata hagu. Bangon ɗakinka da ke hagunka shi zai bi layin turken, ko ta wace fuska ka shigar da shi. Jerin kuwa daga hagu zuwa dama: mota, karaban, rumfa. Maƙwabcinka na dama ma haka, motarsa ce za ta fara, don haka tazarar mita 3 tana tsakanin bakin rumfarka da jikin motarsa.

Karaban da aka ƙera don Birtaniya ƙofarsa tana hannun hagunsa, shi ya sa in ya shiga da ribas ƙofar take faɗowa damanka, wajen rumfa. Wanda aka shigo da shi daga Jamus ko Faransa sau da yawa ƙofarsa a dama take. In ka shigar da irin wannan da ribas, ƙofa za ta buɗe wajen da aka ware wa mota. Mafita ita ce a shigar da shi da hanci gaba, ko a tambayi ma'aikaci yadda suke so a yi, tunda tsarin fuloti ya bambanta. Kada ka yanke hukunci da kanka ka juya jerin, rumfa a hagu mota a dama, domin in maƙwabcin hagu ya kafa tasa rumfar, zane biyu za su fuskanci juna ba tazara.

Ga lissafin a aikace. Karaban na yau da kullum faɗinsa mita 2.2 zuwa 2.3 ne, manyan kuma sun kusa 2.5, doka ta tsaya a 2.55. Rumfa cikakkiya tana fitowa kamar mita 2.5 daga bango, wasu har 3. Mota tana cin kusan mita 2. Ka ɗauki fulotin da daga bangon ƙofarka zuwa bangon maƙwabci mita 8 ne: rumfarka 2.5, motarsa 2, rabin mita tsakanin motar da ɗakinsa don buɗe ƙofa, saura 3 cif. In ka kauce wa turke da mita ɗaya zuwa dama saboda kana son inuwar bishiya, tazarar ta koma 2. Maƙwabcin da ya zo bayanka ko dai ya rasa inda zai sa mota, ko shi ma ya matsa, na gaba da shi ma ya matsa. Kamar sahun salla ne, mutum ɗaya ya goce sai layin duka ya karkace.

Daidai da turke ba ya nufin sai ka je ka taɓa shi. Abin da ake nema shi ne layin gefe, wato bangon ya miƙe a kan layin da ya taso daga turken zuwa titi. Baya kuwa ka bar wurin da za ka iya wucewa, musamman in akwai shinge da zai hana taga buɗewa ko ya kankare fenti. Gaba kuma kada ƙarfen jan, wanda ake maƙala wa mota, ya leƙo kan titi, domin da dare mai tafiya banɗaki zai buga ƙafa a kai.

Launin turke ma yana magana. A zangon Caravan and Motorhome Club an saba ganin fari a fulotin da ya ɗauki rumfa, shuɗi a wanda bai ɗauka ba, sauran launuka kuma suna nuna fulotin ciyawa ko mai famfo da magudanar kansa. Taswirar da za a ba ka a ofis tana fassara launukan wurin, ita za ka bi. Fulotin da ba na rumfa ba ya fi ƙunci, an auna shi ne don ɗaki da mota kawai, saboda haka ko ƙaramar rumfar bakin ƙofa sai ka tambaya kafin ka ɗaga ta.

Ba ko'ina ake wannan tsari ba. A zangon Camping and Caravanning Club yawanci ma'aikaci ne zai raka ka har fulotin ya nuna maka inda za ka tsaya. A filayen 'yan kasuwa wani wuri turken tsakiyar bayan ɗaki yake nunawa, wani wuri lamba ce kawai ba ta nuna komai. Akwai kuma ƙananan filaye na gonaki da ƙungiyoyin biyu ke ba wa takardar izini, masu ɗaukar ɗaki biyar kacal, inda sau da yawa ba turke ko ɗaya, kai za ka auna da ƙafa. Takun babba mai faɗi bai cika kai mita ba, don haka ka yi taku takwas daga bangon na kusa da kai, ka fi samun kwanciyar hankali. In ka tsallaka Faransa kuwa, fuloti da shingen itatuwa ake kewaye shi, ka tsaya yadda ka so a ciki.

Kafin ka sa ribas

Yawancin zango ba sa karɓar baƙi kafin sha biyun rana ko ƙarfe ɗaya, saboda titin shiga ƙunci gare shi kuma masu fita suna kan fita. A ciki gudu mil 5 ne a awa, kusan kilomita 8, titunan kuma sau da yawa hanya ɗaya ce. Inda aka bar ka ka zaɓi fuloti da kanka, in ka zaɓa sai ka koma ofis ka faɗi lambar.

Tsaya a titi ka sauka ka taka fulotin da ƙafa. Duba gangarar ƙasa, wane gefe ya fi tudu. Ɗaga kai ka duba rassa, domin ɗakin ya haura mita 2.5 a tsayi, ga eriya a sama. Nemo sandar wuta ka ƙiyasta nisanta da inda soket ɗin ɗakinka zai kasance. In fulotin ciyawa ne bayan ruwan sama, danna diddige ka ji, in ya nutse motar da ke ja da tayoyin gaba za ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Sannan ka tabbata ba wanda ya riga ka: kujera, bokiti, waya a nannaɗe ko allo mai lambar mota alama ce cewa wanda ɗakinsa a jikin motarsa yake ya fita yawo da ita, zai dawo.

In kana da zaɓi, ɗauki fulotin da ke hannun damanka. Da ka fara lanƙwasa, ta tagar direba za ka riƙa ganin bangon dama tun daga gaba har kusurwar baya, wato ainihin kusurwar da ake so ta je turke. Fulotin hagu madubi kawai za ka dogara da shi, kuma da ɗakin ya karya madubin ba ya nuna komai sai bango.

Shigarwa

Wuce fulotin har tayoyin karaban su ɗan gota bakinsa, ka bar kamar mita ɗaya da rabi tsakaninka da gefen titin da fulotin yake. Tayoyin nan su ne madogarar juyi, su za ka riƙa kallo, ba bayan ɗakin ba. Riƙe sitiyari daga ƙasa da hannu ɗaya: inda ka kai hannun, can bayan karaban zai nufa. Ka fara a hankali har ɗakin ya karya zuwa fulotin, sannan ka warware sitiyarin ka bi shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jinkirin warwarewa. Ɗakin yana ci gaba da karyewa har ƙarfen jan ya haɗu da bambar mota, kuma daga nan ribas ba ya gyara komai. Da ka ga kusurwar ta yi tsanani, tsaya, ja gaba mita biyu ko uku ka miƙe, ka sake. Ba wanda ke ƙirga sau nawa ka gwada.

Turke gajere ne, tsakuwa ko ciyawa na iya ɓoye shi. Ajiye wani abu mai launi a bakin fulotin daidai layinsa, ko bokiti ne, sai ka samu maki biyu da za ka miƙa bango a kansu. Mai taimaka maka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, gilashi a sauke, ku kuma yarda tun farko da alamar tsayawa. Kada ya shiga tsakanin mota da ɗaki ko ya tsaya tsakanin ɗaki da shinge. In ya ɓace maka, taka birki. Yara kuwa su zauna cikin mota har a gama.

Wanda ke da injin tura ɗaki, irin mai danna abin juyi a jikin taya ana sarrafa shi da rimot, aikinsa ya yi sauƙi: ya kwance a titi ya tuƙa ɗakin har turke. Sai dai kada ya saki birkin hannu sai injin ya kama tayoyi, kada kuma ya janye injin sai ya ja birkin. Tura ɗaki da hannu yana yiwuwa a shimfiɗaɗɗen wuri da mutum biyu ko uku, ta hannayen da aka sa a kusurwoyi. A gangara kada a gwada, kilo 1,300 ko 1,500 in ya fara tafiya ba mai riƙe shi.

Daidaitawa, da abin da ke kawar da kai daga turke

Gefe da gefe ake fara daidaitawa, tun ɗakin yana maƙale da mota. Ɗora filam irin na magina a ƙasan ɗakin daga bakin ƙofa, a gicciye. Gefen da ya yi ƙasa shi za a sa wa tudun roba. An fi so a hau tudun ta gaba, saboda birkin karaban an ƙera shi ya saki in ana ribas, don haka tayar da ta hau da baya ba ta riƙe da kyau. Wannan yana nufin ka wuce inda kake son tsayawa da kamar rabin mita zuwa baya, ka sa tudun a gaban taya, ka ja gaba a hankali har kumfar filam ta zo tsakiya. Ka sa wannan rabin mita a lissafi tun farko, in ba haka ba hanci zai ƙare a kan titi. In kana da makullin taya na hana sata irin na kamfanin AL-KO, wanda sai ramin da ke bayan taya ya yi daidai da tagar wili, yanzu ne lokacin duba shi, ba bayan ka kwance mota ba.

Ja birkin hannu har ƙarshe, sandar ta miƙe tsaye. Bayan ribas, birkin da aka ja rabi yana barin ɗaki ya silale baya kafin ya kama, kuma wannan silalewar ta isa ta karya turke ko ta kai fitilar baya cikin shinge. Sa waigi a tayoyi. In ribas ne motsinka na ƙarshe, ja gaba ɗan taƙi kaɗan kafin ka kwance, domin kan jan yana matse kamar sifirin, da ka ɗaga shi daga ƙwallon ƙarfen da yake zaune a kai a bayan mota zai zabura ya daki bambar mota.

Sauke ƙaramar tayar gaba ka ɗaure ta, cire filogin fitilu, ɗaga hannun maƙalar ka murɗa tayar har kan ya rabu da ƙwallo. Wayar birkin gaggawa, wadda ke jan birkin ɗaki in ya kwance daga mota a hanya, ita ce ta ƙarshe da za ka cire, kuma ita aka fi mantawa: mutum ya ja mota, wayar ta fizge birki ta tsinke. Bayan ka kawar da mota, juya filam ɗin a tsaye ka daidaita gaba da baya da tayar gaban. Sai ƙafafun kusurwa huɗu, a sauke su kan katako ko faranti har su dafa ƙasa sosai. Ba jak ba ne. Wanda ya ɗaga ɗaki da su yana murɗa ƙasan ɗakin, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Daidaiton nan ba don daɗin barci kaɗai ba ne: firjin da ke aiki da gas ba ya sanyi sosai a karkace, ruwan wanka kuma yana taruwa a kusurwar da ba magudana.

Kafin ka ɗauko rumfa daga jaka, koma bayan ɗakin ka tsaya a kan turke ka kalli titi. In bangon ya kauce da faɗin tafin hannu ba wanda zai yi magana. In ya kai rabin mita, gyara yanzu, aikin minti biyar ne. Bayan rumfa ta tashi da turakunta talatin, aikin awa ɗaya ne.

Rumfa, mota da waya

Mita 3 ɗin nan fili ne da ake so ya zauna wayam. Labulen tare iska, tantin yara, kekuna, abin gasa nama, duk suna cin tazarar in aka jera su bayan rumfa. A tsakuwa turakun rumfa na roba ba sa shiga, sai na ƙarfe masu kama da manyan ƙusoshi, da guduma. A ciyawa ana son shimfiɗa mai ramuka da iska ke ratsawa, wasu zangon ma suna cewa a riƙa ɗaga ta don kada ciyawar ta mutu. Duba kuma inda bututun hayaƙin hita da na firji suke fitowa, kada zane ko kaya su toshe su. Gawayi ba ya shiga rumfa ko da ya yi kamar ya mutu, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Mota ta tsaya a gefenta, kusa da ɗakin, ba a gicciye a gaban fuloti ba, domin in wani abu ya faru ana so a iya jan ɗakin waje. Fulotin da ba kowa kusa da kai ba wurin ajiye mota ba ne, mai shi yana hanya.

Wayar wuta ta ƙa'ida mita 25 ce, ruwan lemo, da shuɗin filogi mai baki uku. A fara sa ta a jikin ɗaki, sannan a sandar wuta, wajen cirewa kuma a fara da sandar. A warware ta duka ko da sandar tana kusa, saboda waya a nannaɗe tana ɗaukar zafi har robar ta narke. A shimfiɗa rarar a ƙarƙashin ɗaki ko gefensa, kada ta ratsa titi ko fulotin wani, kada kuma a haɗa waya biyu a bar mahaɗin cikin ciyawa. Sandar da ke ba da amfiya 16 a kan bolt 230 tana ɗaukar kusan wat 3,680, mai amfiya 10 kuma 2,300, mai 6 ba ta wuce 1,380. Butar lantarki ta gida kaɗai tana iya cin wat 3,000, in ka haɗa ta da hita makunnin sandar zai faɗi, a wasu wurare kuma akwatin a kulle yake sai ma'aikaci ya zo.

Gangar ruwa mai lita 40 da tankin ruwan datti galibi a ɓangaren mota suke zama, inda bututunsu yake. Ka bar musu wuri kafin ka matso da mota, in ba haka ba duk lokacin da ruwa ya ƙare sai ka tada mota kafin ka jawo gangar.

In fulotin da ka samu bai ɗauki ɗakinka ba, ko saiwar bishiya ta hana ka bin turke, ko ka tarar maƙwabci ya riga ya ci tazararka, je ofis kafin ka kwance mota. Ma'aikatan suna da ikon ba ka wani fuloti ko su nuna maka inda za ka tsaya ba tare da awon ya lalace ba, maganar maƙwabci ma su ya kamata su yi masa, ba kai ba. Kada ka tumɓuke turke ka matsar da shi, ko da taƙi ɗaya ne, domin daga shi aka auna fuloti na gaba.